Ambulan Direba da Silifas ɗin Mahauci

Da Mai Sawu ya san abin da safiyar Alhamis ɗin nan ta goyo, da bai bar ƙofar ɗakin ƙungiya a buɗe ba. Amma tsautsayi ba ya sallama. Ƙarfe shida ya buɗe ɗakin kamar kullum, ya goge daɓen da ruwan sabulu yana ja da baya har bakin ƙofa, ya tokare ƙofar da bokiti don iska ta shiga. Daga nan ya fita tura kwandunan shara bakin titi, yana 'yar waƙarsa a hanci.

A can gida, kafin neman abinci ya jefo shi wannan ƙasa, aikinsa bin sawun dabbobin da suka ɓace. A nan babu saniya babu raƙumi, sai bene mai hawa huɗu wanda ba shi da lif, cike da baƙi irinsa, shi ne mai share shi. Sunan kawai ya biyo shi, kamar karen gida.

Inshorar da gwamnatin ƙasar ke ba baƙi masu takardar zama tana ɗaukar zazzaɓi da haihuwa da hatsari. Abin da ya wuce nan, irin su haƙori, tabarau, na'urar ji, ko aikin gwiwa ba tare da bin dogon layi ba, sai mutum ya sayi inshorar ƙari. Shi ya sa ƙungiyar gidan ta daidaita da wani kamfani. Sau ɗaya a shekara kowane magidanci ya cike fom, ya zaɓi abin da yake so a ƙara masa, ya haɗa da takardar likita mai hatimi, ya rufe a ambulan. Sakataren ƙungiya ke kai su ofishin kamfanin, kuma sha biyun ranar Juma'a ake rufe karɓa. Wanda ya makara, sai baɗi.

Ƙarfe tara ihun Sakatare ya cika gidan.

"An shiga! Jama'a, an shiga! Jiya da yamma ambulan goma sha ɗaya na bari a kwalin nan kafin in kulle. Yanzu goma! Babu na gidan Direba!"

*

Kafin ka ce kwabo, duk wanda bai tafi aiki ba ya sauko. Mai Sawu ya riga su zuwa bakin ƙofar, ya gitta sandar mofa.

"Kowa ya tsaya nan. Sakatare, kai ma fito, ka bi gefen bango."

"Kai wa ya naɗa ka ɗan sanda?" in ji wata mata daga hawa na biyu. "Ba mabuɗi biyu ba ne? Ɗaya wurin Sakatare, ɗaya wurin wa?"

Maganar ta soke shi, amma ya haɗiye. 'Ya'ya mata uku gare shi a gida, kuma sharar nan ce ke riƙe da karatunsu. Idan aka liƙa masa sata, ba aikin kaɗai zai tafi ba.

An kira Direba a waya, ya bar rabon kaya ya dawo gumi na zuba. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ke ba kujera haƙuri in ya yi tuntuɓe da ita.

"Takardar likita tana ciki," ya ce. "Ta asali. Sati shida na jira kafin a ba ni ita. Ina zan samo wata kafin gobe?"

Mai Sawu ya jingine sandar mofa. Ya cire takalmi, ya kwanta rub da ciki a bakin ƙofa, ya manna kunci da ƙasa yana duban wajen taga. Duk wanda ya taka daɓe kafin sabulu ya bushe sai ya bar tabo. A tsaye ba a ganinsa, amma in haske ya kwanta, sai ya fito kamar rubutu. Ga sawun Sakatare, mai tsinin baki, a kan busasshen daɓe. Ga kuma wani, ya shiga har gaban tebur ya fito: silifas ƙato kamar kwale-kwale, da tsaga a diddigen hagu.

Bai ma rufe baki ba matar hawa na biyu ta tafa hannu.

"Na Mahauci ne! Wa ke da ƙafa irin wannan a gidan nan? Kuma ba shekaranjiya suka yi da Direba a kan ajiye mota ba?"

"Silifas na ce na gani," in ji Mai Sawu yana kakkaɓe riga. "Ban ce na ga mutum ba."

Akwai abin da ya gani bai faɗa ba. Takun gajere ne ƙwarai. Ƙafar dama ta yi gaba, ta hagu ta zo ta tsaya kusa da ita, ba ta taɓa wuce ta ba. Nauyin mai tafiyar kuma a tsakiyar silifas ɗin ya taru, baya fayau kamar babu kowa.

*

Mahauci a hawa na ƙasa yake, ƙofarsa na kallon ɗakin ƙungiya. Da sha ɗaya ya dawo daga mayanka, ya tarar labari ya riga shi gida.

"Ni? Ambulan? In yi miya da shi?" Muryarsa har gilashin taga na amsawa. "Tun ƙarfe huɗu ina wurin aiki, da takalmin roba har gwiwa. Ka je ka tambayi shanun!"

"Waɗanda suka gan ka ai ba su da bakin magana yanzu," in ji Mai Sawu.

Mahauci ya so ya ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace masa.

"Kai dai Allah ya shirye ka. To tsaya in gaya maka abin mamaki. Ka ga silifas ɗin can? Haka na same su, a jere, kai da kai, an jingina su da bango don su tsane. Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa jera takalmi ba. Ɗaya gabas ɗaya yamma nake watsar da su. Ɓarawon nan naku yana da tarbiyya."

"Faɗanku da Direba fa?"

"Wane faɗa? Motarsa na toshe min taga, ni ina masa ihu, shi yana ba ni haƙuri. Shekara uku ke nan. In ya daina ajiye ta nan, da wa zan yi hira?"

*

Mai Sawu ya sami Direba zaune a cikin motarsa, ya kifa kai a sitiyari. Ya buɗe ɗaya ƙofar ya shiga.

"Ɗan'uwa, me ke cikin ambulan ɗin da zai sa wani ya so shi?"

Direba ya ɗago kai.

"Ka san fom ɗin. Gurbi huɗu, kowanne da ɗan hotonsa: haƙori, ido, kunne, ƙafa. Albashina gurbi ɗaya yake iya ɗauka. Ga Inna, wata huɗu rabonta da saukowa daga sama saboda gwiwa. Ga 'yata Auta, shekara shida, likita ya ce in aka sa mata na'ura za ta ji, za ta iya shiga makaranta da sa'o'inta bana. Kwana nawa ina juyi a katifa. In na dubi yarinyar sai tausayi ya kama ni. In na ji Inna na nishi wajen tashi, sai in ce wane irin ɗa ne ni?"

"Wanne ka zaɓa?"

"Ƙafa." Ya share ido da bayan hannu. "Uwa ce. Ni na ɗauko ta daga cikin danginta na kawo ta nan na ajiye a sama kamar tantabara. Na ce Auta ta jira baɗi. Maman Auta kwana uku ba ta min magana sai gaisuwa. Yanzu ga shi, ba ƙafar ba kunnen."

Sannan ya ce a hankali, "Kar dai Maman Auta ce."

Duk wanda ya haifa ya san irin wannan dare da rana. Mai Sawu ya dafa kafaɗarsa ya fita.

*

Maman Auta guga take yi a wani otal, tana fita biyar da rabi ta dawo biyu. Mai Sawu ya tsaya a bakin gida da tsintsiya yana kallon tahowarta daga tashar bas. Taku mai faɗi, da sauri, kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Tun kafin ta iso ya cire ta daga lissafi.

Ita kuwa an riga an tsegunta mata a waya.

"Na ji an ce ni ce. Ko ba haka ba, Baban 'yan mata?"

"Ni ban ce ba."

"To bari in sauƙaƙa maka. A zuciyata na yaga ambulan ɗin nan ya fi sau goma. Amma hannuna bai taɓa shi ba. Ƙarfe shida na buga kati a wurin aiki, ka je ka duba." Ta zuge jakarta, ta zaro wata takarda a cikin leda. "Ka ga wannan? Ta likitan kunne ce. Wata biyar ina yawo da ita kamar laya. Ba na ƙin Inna, wallahi, uwa ce a wurina. Amma ka taɓa kiran 'yarka tana tsallaka titi, mota na zuwa, ba ta waiwayo ba?"

Bai taɓa ba.

*

Ya dawo ciki ya zauna a matakin farko na bene, ya rasa ta inda zai kama. Ba Mahauci ba, ba matar ba. Sakatare kuwa takalmin wani ko da kuɗi ba zai sa ba, don tsabar ƙyama. Mai ƙaramar ƙafa, mai ciwo a hagu, mai jera takalmin mutane. Ya taɓa bin wata tsohuwar saniya mai irin wannan taku kwana biyu a daji, ya same ta kwance kusa da ɗan maraƙinta. Amma mutum ɗaya ne a gidan nan mai irin wannan ƙafa, kuma kowa ya san ba ta iya sauka.

Ya dafa matakin zai tashi. Da ya ɗaga hannu, sai ya ga shatin tafinsa a kan ƙura. Ranar Juma'a yake wanke matakala, don haka Alhamis ce ranar da ƙura ta fi kauri. Kusa da nasa, can gefen bango inda ƙafa ba ta takawa, ga wani tafin hannu. Ƙarami, siraran yatsu. Ya dubi ɗaya gefen, ga ɗan'uwansa.

Ya hau mataki na biyu. Dama da hagu. Na uku, haka. Ya dinga hawa a durƙushe, zuciyarsa na bugawa kamar ranar da ya fara bin sawu a bayan mahaifinsa. Hawa na biyu, hannayen na nan. Hawa na uku, suka tsaya cak. Matakalar hawa na huɗu babu ko ɗaya.

Ƙofa biyu ce a hawa na uku. Ɗaya ta wasu samari magina ce, masu sauka mataki uku-uku, ɗayar kuwa ta Direba. Mai Sawu ya zauna a ƙasa ya yi dariya shi kaɗai har hawaye.

Ya sauka ya sami Sakatare.

"Bayan la'asar ka tara min su a falon Direba."

"Me ya sa a sama? Ga ɗakin ƙungiya."

"Saboda wanda nake nema ba zai iya saukowa sau biyu a rana ɗaya ba."

*

Falon ya cika. Mahauci ya cinye rabin doguwar kujera yana haki saboda hawa. Sakatare ya zo da jakarsa, matar hawa na biyu ta zo ba gayyata. Direba na gefe, matarsa na ɗaya gefen. Innar Direba, wadda duk gidan ke kira Kaka, tana kan katifarta kusa da taga, ta miƙe ƙafar hagu a kan matashi, tana jan carbi, Auta na kwance a cinyarta. A igiyar taga an shanya zani ɗaya tak, yana ɗiga.

Mai Sawu ya gaishe ta da kyau, sannan ya juyo ga jama'a.

"Wanda ya ɗauki ambulan ya fito ba takalmi, don kar a ji. Da ya iso ƙasa ya tarar da daɓe a jiƙe da sanyi, sai ya ari silifas ɗin da ya fi kusa. Da ya gama ya mayar, har ya jera."

"Na gode masa," in ji Mahauci.

"Ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Kuma ba da ƙafa ya sauko benen nan ba. A zaune ya sauko, mataki-mataki, yana dogara hannu dama da hagu. Haka ya koma, da baya. Mataki arba'in da takwas zuwa, arba'in da takwas dawowa."

Auta ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga yadda Mai Sawu ke kwatantawa da hannu. Sai ta zame daga cinyar Kaka, ta zauna a ƙasa, ta dogara hannu biyu, ta dinga ja da mazaunai tana ƙyalƙyala dariya, tana nuna kakarta da baki.

"Kin ga munafuka," in ji Kaka. "Ƙawar da na ba amana. Da alewa biyu na saye ki fa."

"Inna!" Direba ya miƙe. "Inna, ke?"

"Zauna. Tsayuwar me kake min a kai?"

Ta ɗaga matashin da ke ƙarƙashin gwiwarta, ta zaro ambulan, ta miƙa wa Sakatare. Ya buɗe. Takardar likita lafiya lau. Fom ɗin ne ya ga ta kansa. An kewaye hoton kunne da baƙin kwalli, an sake kewayewa. Wurin hoton ƙafa kuwa an kankare da reza har takarda ta huje.

"Inna lillahi!" in ji Sakatare. "Kaka, kamfani ba ya karɓar ko ɗigon gyara, balle taga!"

"Shi ya sa ban mayar ba. Niyyata in gyara in mayar gobe da asuba, ba wanda ya sani. Da na ga rami sai tsoro ya kama ni. Ga zanina duk ƙura, ga ihu a ƙasa. Na ce yau na shiga uku."

Direba ya durƙusa gabanta.

"Inna, wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya min? Ku dinga raɗa a kicin kamar ɓeraye. Auta ce ba ta ji, ni kunnena ras."

"Da kin min magana."

"In maka magana ka ce 'to Inna', ka je ka yi abin da kunya ta sa ka? Ni na haife ka, na san halinka." Ta jawo Auta jikinta. "Ƙafar nan shekara saba'in tana yawo. Ta je kasuwa, ta je biki, ta hau jirgin sama. Me ya rage mata? Yarinyar nan ko sunanta ba ta taɓa ji a bakin uwarta ba. Za ka cike kunne, ko sai na sake sauka?"

Maman Auta ta rufe fuska da mayafi, ta zo ta zube kusa da surukarta tana kuka. Kaka ta dungure mata kai.

"Ke kuma kukan me? Fito da takardar da kike ɓoyo a jaka. Kin zaci ban sani ba?"

Sakatare ya yi ta tonon jakarsa, kowa na kallonsa, har ya zaro fom guda ɗaya fari tas.

"Na ƙarshe ke nan. Ni zan cike da hannuna. Kuma don Allah a ɗauke wa Kaka reza."

Aka tuntsire da dariya. Matar hawa na biyu ta ce ita dama tun safe zuciyarta ba ta kwanta da zargin kowa ba.

Mahauci ya yi gyaran murya.

"Ni da aka ɓata wa suna, a ba ni dama in yanke hukunci. Direba, ɗakunana biyu ne a ƙasa, naka biyu a sama. Likita ya ce in rage tumbi. Mu yi musaya. Kaka ta dinga fita shan iska da ƙafarta, kai kuma ka toshe tagarka da motarka, mu ga wa za ka ba haƙuri."

"Ka ji ɗan albarka," in ji Kaka. "Takalminka dai na gwada, ya min daidai. Saura ɗakin."

*

Ranar Juma'a motar Direba ta ɗauki Sakatare da ambulan goma sha ɗaya, da Mai Sawu a matsayin ɗan rakiya. Sha ɗaya da kwata aka buga musu hatimin karɓa. Ranar Asabar samarin magina suka sauko da Kaka a kan kujera, tana yi musu faɗa su yi a hankali, Mahauci na bin bayan firijinsa zuwa sama yana tsine wa wanda ya gina bene ba lif. Da yamma Kaka ta zauna a bakin ƙofar gida karo na farko cikin wata huɗu, Auta na gefenta suna kallon motoci.

Mai Sawu ya wanke matakalar a makare a wannan satin. Da ya zo mataki na ƙarshe ya tsaya ya dubi ƙananan hannayen nan biyu, sannan ya goge.

Ma'aikaciyar kamfanin ta gaya musu cewa tunda matsalar kunnen tana nan tun kafin a shiga inshorar, sai likitocinsu sun duba takardun, amsa kuma sai bayan sati uku. Yau kwana tara. Kullum Direba sai ya buɗe akwatin wasiƙa sau biyu. Har yanzu ba wanda ya san ko kamfanin zai amince da na'urar Auta, ba kuma wanda ya san ko gwiwar Kaka za ta iya jira har baɗi.